Ina ake kai dandamalin haƙar mai idan haya ta ƙare?

Ɗan'uwa daga Garwa, ka tambaya ko barin ƙarafan nan ake yi su yi tsatsa a teku idan wa'adin haya ya cika. A'a, nauyin kamfanin ne ya kwashe kayansa. Da farko ana toshe rijiyar da siminti, kada mai ko gas ya riƙa tsiyaya. Sai a yanke ƙafafun daga ƙarƙashin ruwa, jirgi mai ƙugiya ya ɗauke su zuwa tudu, a daddatsa.

A Amurka shekara ɗaya ake ba kamfani ya kwashe kayansa bayan haya ta ƙare. A 1995 Shell ta so nutsar da Brent Spar, wani rumbunta na ajiyar mai a teku, jama'a suka yi mata caa, dole ta fasa.

Namu na Rio del Rey, a tekun Kamaru, kuwa, tun 1977 ake haƙa a can. Ni damuwata, wa zai biya kuɗin kwashewar?