Alƙalinmu tsohon ɗan majalisa ne, in nemi hanya?

Tambaya: Barista, muna shari'ar gona a Babbar Kotun Jiha, sai na ji mai shari'ar ya taɓa zama ɗan majalisar jiha a jam'iyyar abokin shari'ata. Wani ya ce in kawo kuɗi ya kai wa wani jigo ya sa baki. Barci ya ƙaurace mini. Wai doka ta yarda ɗan siyasa ya zama alƙali?

Amsa: Ta yarda, Malam. Sashe na 271 na tsarin mulkin 1999 ya ce lauya ya cika shekara 10 da fara aiki, Majalisar Shari'a ta Ƙasa (NJC) ta miƙa sunansa, gwamna ya naɗa shi. Daga ranar rantsuwa ya yi sallama da jam'iyya. Misali, marigayi Mamman Nasir ministan shari'a ne a gwamnatin Sardauna daga 1961 zuwa 1966, ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 har 1992, kafin ya zama Galadiman Katsina.

Mai neman kuɗin nan ne ya fi damuna. Kullum ina ganin irinsa a gindin bishiyar harabar kotu, da tsohon fayil a hammata, yana rantsuwa jiya ma tare suka ci tuwo da mai shari'a. Ƙarya ce. Yakan karɓa a hannunka, ya zagaya ya karɓa a hannun abokin shari'arka. Wanda ya ci shari'ar, ya ce masa ai aikinsa ne. Wanda ya faɗi, ya ce masa ai an fi shi bayarwa. Abin da ke ƙona mini rai, mutum ya sayar da bijimi, ya miƙa kuɗin, sannan ya saki jiki: bai kawo dattawan da suka san iyakar gonar ba, bai nemo takardar ciniki ba, yana jiran jigo. Kuma dokar hukumar yaƙi da cin hanci (ICPC) ta 2000 tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa, balle Annabi (SAW) ya la'anci duka biyun. Ka ji tsoron Allah, ka riƙe kuɗinka.

Zaman jam'iyya ɗaya a da ba hujja ba ne. In kana da shaidar wata alaƙa ta kusa tsakaninsu, lauyanka ya nemi mai shari'a ya janye, ko ya rubuta wa Babban Jojin Jiha a sauya kotu. In hukunci ya zo ba daidai ba, wata uku gare ka ka ɗaukaka ƙara, kuma lissafin daga ranar hukunci yake farawa.