Tambaya da Amsa: Wasiƙar Gargaɗi Daga Kamfanin Intanet Kan Sauke Wasan Bidiyo ta Toren

Jama'a, assalamu alaikum. Tambayoyin wannan fitowa duk sun taru a kan magana ɗaya, wato saƙon da kamfanin intanet ke aiko wa mutum cewa an keta haƙƙin mallaka a layinsa ta hanyar toren, fasahar da mutane ke musayar fayiloli kai tsaye tsakanin kwamfutocinsu. Mun zaɓi waɗanda suka fi maimaituwa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk wanda takardar kotu ta riga ta iske shi, lauya zai nema, bayaninmu ba zai wadatar da shi ba.

Tambaya: Ina zaune a Amurka. Kamfanin da ke ba mu intanet ya aiko min da imel cewa an sauke wani wasa ta toren a layina, har da sunan wasan da ranar da sa'ar. Ashe leƙen duk abin da nake yi suke yi?

Amsa: Malam, galibi ba kamfanin ne ya gano ka ba, saƙo kawai aka ba shi ya isar. Manhajar toren ɗin da kanta ce ta nuna ka.

BitTorrent, tsarin da toren ke aiki da shi, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, ba daga saba guda (wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayiloli) yake ɗauko fayil ba. Yayyanka shi yake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta fito daga kwamfutar wani da ke cikin taron masu saukewa. Wasa mai gigabait 60, idan an yanka shi megabait 16-16, zai ba da gunduwa 3,840. Ba yadda za a yi wani ya turo maka ko da guda ɗaya sai ya san adireshin IP ɗinka, wato lambar da ke nuna layinka a intanet, don haka manhajar ke shelanta shi ga sabar da ke haɗa masu saukewa, da kuma sauran kwamfutocin taron. In kana son gani da idonka, buɗe manhajar yayin da take aiki, ka danna shafin da ke jera abokan musaya. Za ka ga adireshi bayan adireshi, da tutar ƙasar kowa, da sunan manhajar da yake amfani da ita, da kashi nawa cikin ɗari ya sauke. Yadda kake ganinsu, haka suke ganinka.

Masu wasannin suna ɗaukar hayar kamfanonin sa ido, su shiga taron kamar kowa. A Amurka ƙungiyar masu buga wasanni, ESA, tana yin wannan aiki a madadin mambobinta. Abu huɗu suke rubutawa: adireshin IP, lambar ƙofar da manhajar ke amfani da ita, lokaci har zuwa daƙiƙa, da lambar shaida ta toren ɗin, wadda ke bambanta shi da kowane fayil. Masu aiki da kyau har sukan karɓi gunduwa daga wurinka su gwada ta, su tabbatar ta wasan ce. Daga nan sai su duba rajistar da ke nuna kamfanin da ya mallaki wannan rukunin adireshi, wadda a buɗe take ga kowa, su aika masa da ƙorafi. Shi kuma kamfanin ya duba kundinsa ya ga wa ke riƙe da adireshin a wannan daƙiƙa, ya tura maka. A wannan mataki mai wasan bai san sunanka ba, kamfanin intanet kaɗai ya sani.

Tambaya: Ni da wasan ya gama sauka nan take na rufe manhajar, ban bar ta tana raba wa kowa ba. Kuma ma na taɓa sayen faifan wasan, ya lalace ne. Ina laifina?

Amsa: Ɗan'uwa, nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Rabawa ba ta jiran a gama. Da zarar gunduwar farko ta kammala, manhajar za ta sanar da taron cewa tana da ita, ta fara tura ta ga duk wanda ya nema. Sa'o'in da ka yi kana saukewa, sa'o'in ne ka yi kana rabawa.

Sannan rufe tagar manhajar ba kashe ta ba ne. Da yawa daga cikinsu komawa suke yi can ƙasa kusa da agogon kwamfuta su ci gaba da aiki, wasu kuma an saita su su tashi da kansu duk lokacin da aka kunna na'ura. Shi ya sa mutum zai samu gargaɗi na biyu da na uku a kan wasa ɗaya, alhali a zatonsa ya daina tuntuni. Wani kuma ya sa sifiri a ma'aunin saurin turawa yana nufin ya hana, bai san cewa a manhajoji irin su qBittorrent da uTorrent sifiri na nufin babu iyaka ba.

Batun faifai kuwa, mun fahimci takaicinka. Amma abin da ka saya izinin buga kwafinka ne, ba izinin raba wa baƙi ba, kuma ƙorafin a kan rabawar yake.

Tambaya: To me zai biyo baya? Za su yanke min layi ne, ko kotu za a je?

Amsa: Ya danganta da ƙasar da layin yake, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

A Amurka, dokar DMCA ta 1998 ta kare kamfanin intanet daga ɗaukar alhakin abin da masu hulɗa da shi suka yi, bisa sharaɗin yana da tsarin sallamar masu maimaita laifi kuma yana aiki da shi. Daga 2013 zuwa farkon 2017 manyan kamfanoni biyar, ciki har da Comcast da Verizon da AT&T, sun gudanar da tsarin gargaɗi mai mataki shida, daga baya aka rufe shi, kowane kamfani ya koma bin nasa. Abin da aka saba gani shi ne imel da farko, sai shafin da ke tare mutum har ya danna cewa ya karanta, sai dakatarwa ta ɗan lokaci, sai yanke layi. Dalilin da ya sa ba sa wasa da lamarin shi ne shari'a. A Disambar 2019 masu yanke hukunci a wata kotun tarayya sun ɗora wa kamfanin intanet na Cox diyyar dala biliyan 1 a ƙarar da kamfanonin waƙa suka shigar. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta amince ta saurari shari'ar. Ƙarar ta waƙa ce, amma ta shafi yadda kamfanoni ke kallon kowane irin ƙorafi. Idan mai wasa yana son sunanka, sai ya shigar da ƙara a kan wanda ba a san sunansa ba, ya samo umarnin kotu. Diyyar da doka ta tanada tana tsakanin dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, ta kai 150,000 idan an tabbatar da ganganci. Sai dai mafi yawan gargaɗin wasanni a imel ɗin suke tsayawa.

A Kanada, tun Janairun 2015 doka ta wajabta wa kamfani ya isar da ƙorafin, ba ta ce ya yanke layi ba. Diyya a kan keta haƙƙin da ba na kasuwanci ba ba ta wuce dalar Kanada 5,000 ba, kuma tun ƙarshen 2018 an haramta saka buƙatar biyan kuɗi a cikin saƙon.

Faransa ta kafa hukumar Hadopi a 2009, aka narkar da ita cikin Arcom a 2022. Tsarinta mataki uku ne: imel, sai wasiƙar da ake sa hannu a karɓa, sai miƙa batu ga mai gabatar da ƙara, da tarar da ka iya kaiwa yuro 1,500. Ya fi aiki a kan waƙoƙi da fina-finai.

Jamus ce ta fi zafi, don can ba a cika yin gargaɗi ba. Mai haƙƙi yana samo umarnin kotu, kamfanin intanet ya ba da suna da adireshin gida, sai kawai wasiƙar lauya ta iso tana neman ɗaruruwan yuro da sa hannu a takardar alƙawarin dainawa, cikin wa'adi gajere. Kamfanin CD Projekt ya bi wannan hanya a 2011 a kan wasansa The Witcher 2, sannan ya janye a Janairun 2012 bayan 'yan wasa sun yi masa ca. Wanda irin wannan wasiƙa ta same shi kada ya yi banza da ita, kada kuma ya sa hannu a takardar yadda ta zo. Takan ɗaure mutum fiye da abin da doka ta nema, kuma saɓa mata daga baya na jawo tara mai nauyi. Lauya ne zai gyara ta.

Tambaya: Ni uwa ce, ban san ko yadda ake kunna wasan bidiyo ba, amma gargaɗin da sunana ya zo. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Adireshin IP layi yake nunawa, ba mutum ba, shi ya sa saƙon ke zuwa wurin wanda sunansa ke kan asusu. Ga yadda za ki bi abin.

Da farko ki tabbatar saƙon na gaske ne. Kada ki danna komai a cikinsa. Ki shiga asusunki a shafin kamfanin da kanki, ko ki kira lambar da ke kan takardar biyan kuɗinki. 'Yan damfara suna kwaikwayon waɗannan saƙonni, su ce a biya cikin sa'o'i kaɗan ko a je kotu.

In ya tabbata, ki duba lokacin da aka rubuta. Yawanci da agogon duniya na UTC ake sa shi, don haka sai kin mayar da shi agogon inda kike kafin ki san wa ke gida a lokacin. Sannan ki shiga shafin rautar gidan, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, adireshinsa da kalmar sirrinsa galibi suna manne a bayanta, ki buɗe jerin na'urorin da ke haɗe. Ki ƙirga su ki gwada da wayoyi da kwamfutoci da talabijin da kika sani. In kin ga baƙuwa, wani a waje yana amfani da Wi-Fi ɗinki. Ki canza kalmar sirri zuwa mai haruffa akalla 12, ki sa tsaron WPA2 ko WPA3, ki kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, wanda ke da sauƙin fasawa, ki kuma canza kalmar shiga rautar kanta in har ta masana'anta ce. Baƙi a ba su layin baƙi na daban.

In ba baƙuwar na'ura, sai a duba kwamfutocin gida: a nemi manhajar toren a jerin manhajoji, da fayiloli masu ƙarewa da .torrent. A zauna da yaran a yi magana cikin natsuwa, don da yawansu ba su san manhajar tana rabawa ba. A cire toren ɗin daga cikin manhajar, a cire manhajar, a goge wasan. Amma wannan shawara ta gargaɗin imel ce kawai. In saƙon ya ce kotu ta umarci a ba da sunanki, ko ya zo da lambar ƙara da wa'adi, kada a goge komai sai an ga lauya, domin goge shaida bayan an san da shari'a kan zama matsala ta daban.

Kuskure ma yana faruwa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington sun nuna cewa ana iya sa a aiko da ƙorafi a kan adireshin na'urar buga takardu, wadda ba ta taɓa sauke komai ba, saboda wasu masu sa ido jerin adireshi kawai suke kwashewa ba tare da gwadawa ba. Haka nan kamfanoni da yawa, musamman na wayar hannu, suna haɗa mutane masu yawa a kan adireshi ɗaya, ta yadda in babu lambar ƙofa da daidaitaccen lokaci ba za a iya ware kowa ba. In kin bincika ba ki ga komai ba, ki rubuta wa kamfanin intanet ɗinki cewa kina musanta zargin, ki ajiye kwafi. Kada ki rubuta wa mai ƙorafin kai tsaye, yin haka miƙa masa sunanki ne da bai da shi.

Tambaya: Ke nan toren gaba ɗaya haramtacce ne a doka?

Amsa: A'a. Hanyar jigila ce kawai, abin da aka ɗauko shi ne abin dubawa. Blizzard ta yi shekaru tana raba sabuntawar World of Warcraft ta wannan fasaha, Ubuntu da Internet Archive suna ba da fayilolinsu ta toren, haka ma wasan kyauta 0 A.D. Babu mai ƙorafi a kan waɗannan. Abin da za ka iya gani shi ne raguwar sauri, don wasu kamfanoni na gane zirga-zirgar toren daga yanayinta su matse ta. An kama Comcast da katse irin wannan haɗi a 2007, hukumar sadarwa ta Amurka ta tsawata masa a 2008.

Tambaya: Abokina ya ce in sa VPN magana ta ƙare. Kuma wasan da nake so tsoho ne, ba a ma sayar da shi.

Amsa: VPN, wato manhajar da ke bi da zirga-zirgarka ta sabar wani kamfani, na canza adireshin da taron ke gani, bai canza hukuncin abin da aka yi ba, kuma amanar da ka ɗauke daga kamfanin intanet ka miƙa ta ne ga wani kamfani da ba ka sani ba. Abin da ya fi damun mu ma ba gargaɗin ba ne. Wasan da aka fasa makullinsa sai ka ba shi cikakken iko a kwamfutarka kafin ya shiga, kuma sau da yawa umarnin da ke tare da shi cewa yake ka kashe manhajar kariya. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cutar kwamfuta mai suna Crackonosh da aka ɓoye a fasassun wasanni irin su GTA V da Far Cry 5. Ta shiga kwamfutoci sama da 200,000, tana kashe kariyarsu tana haƙo kuɗin intanet na Monero da wutar masu su. Alamunta su ne fanka na ihu ba a komai, da na'ura mai zafi da nauyi. Babu VPN da ke tare wannan.

Tsufan wasa kuma ba ya sauke haƙƙin mallaka. A Amurka aikin kamfani na da kariyar shekara 95 daga fitowarsa. Kafin ka yanke cewa ba a sayar da shi, duba GOG, shagon wasanni na intanet da ya ƙware a gyara tsofaffin wasanni su yi aiki a sababbin kwamfutoci, ba tare da makulli ba, har ka ajiye fayil ɗin girkawa a faifanka. Epic Games Store na ba da wasa kyauta kowane mako. In kuma gwaji kake so ka ga ko kwamfutarka za ta ɗauka, shagon wasanni na Steam na mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga wasan ya kai sa'a 2 ba.