Gwajin DNA ba zai faɗa maka ƙauyen kakanka ba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce a Agege aka haife ka, mahaifinka ya rasu, iyakar saninka kakanka fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano, kana tambaya ko gwajin DNA zai nuna maka garinsu. Allah ya jiƙan Baba. Ba zai nuna ba.

Ni ma na yi gwajin. Yawu za ka tofa a 'yar kwalba, a kai ƙasar waje, a gwada da na mutanen da kamfanin ya tara. Hausawa kuwa kaɗan ne a cikinsu, shi ya sa sakamakon yake zuwa a dunƙule: Najeriya kaso kaza, wani yanki kaso kaza. Bichi ko Gwarzo ba za ka gan su ba. Yana iya haɗa ka da dangi, amma sai in su ma sun yi. Ka kuma san wa za ka ba sirrin jininka: a 2023 masu kutse sun kwashi bayanan kusan mutum miliyan 7 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe.

Kuɗin nan, da ka sayi atamfa da turare ka je wajen gwaggonka ko kishiyar kakarka, in da mai rai. Tsofaffin mata su ne masu riƙe da zumunci. Ka kunna rikodar waya, kada ka katse su. Sai dai ka lura da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, “Malam” ko “Alhaji” za ta yi ta cewa. Kuma Tanko, Bala, Ɗanjuma, Dogo, duk ba sunan yanka ba ne. Wani gyatumi a layinmu har ya rasu Dogo ake ce masa, sai a bayan wani tsohon Alƙur'ani cikin gafaka jikokinsa suka ga sunansa da na ubansa da ajami. Don haka a buɗe akwatunan ƙarfe: fasfon aikin hajji, rasit ɗin haraji, takardar rabon gado, wasiƙu. Takardar rantsuwar shekaru kam, ka karɓe ta da hannu biyu amma kada ka jingina da ita, yawanci kintace ne.

Tambayi irin tsagar da ke fuskar kakan naka. Tambayi ko Ba'agale ne, domin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a fataucin goro tun zamanin Gwanja, kafin jirgin ƙasa ya haɗa Ikko (Legas) da Kano wajen 1912 harkar ta karkato ƙasar Yarbawa. Sannan wa ye maigidansa? Baƙo ba ya sauka a Zango haka kawai, gidan ɗan garinsu yake nema. In ka gano gidan da ya sauka, ka kusa gano garin. Dattawan fadar Sarkin Hausawan Agege da na tsofaffin masallatai sun san waɗannan gidaje.

Sai ka samu sunan gari sannan Kaduna za ta yi maka rana. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can tana da rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi lokacin yanka haraji, ga kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. Sunayen hakimai da dagatai ne suka fi yawa a ciki, talaka da wuya, amma za ka ga su wa suka zauna garin da sana'arsu.

In ka isa ƙauyen, ka fara da ƙofar dagaci. Kada ka ce Legas, ka ce wanda ya tafi Ikko ko Kurmi bai dawo ba, haka tsofaffi suke tunawa. Kuma tun a gaisuwa ka faɗa musu zumunci ya kawo ka ba gadon gona ba, in ba haka ba kowa zai ce bai san shi ba.