Ƙirya ba ta ɗan koyo ba ce

Jiya bayan La'asar ka tambaye ni, ka ce, "Baba, me ya sa in na zo fitar da ado a jikin kujerar ƙiryar nan sai bakin zanen ya ɓalgace, wuƙar ta zame?" Hannuna na kan turmin da masu shi ke jira, shi ya sa na yi maka shiru. Yanzu saurara.

Laifin farko naka ne, na biyu na wuƙarka. Ƙirya fa ita ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, ita maƙera ke nema su yi gawayi. Itacen da gara ke shakka, kai da wata 3 kacal a rumfar nan za ka ce ka yi masa zane? Zaga baya ka tsinci guntayen aduwa da suka rage daga allunan almajirai. Aduwa tana da tauri, amma namanta a haɗe yake, tana karɓar wuƙa. In hannunka ya faɗa sai ka koma maɗaci, shi ma da nasa halin: jijiyarsa takan juya kana tsakiyar yanka, inda ya yi santsi yanzu, taki ɗaya gaba sai ya tsage. Ƙirya da kanya da marke, bar su tukuna.

Wuƙar da kake riƙewa kuma ta yankan albasa ce. Ta wannan aiki gajera ce, bakinta bai wuce gaɓar yatsa ɗaya da rabi ba. Kai wa maƙeri tsohon zarton ƙarfe ya fitar maka da ita. Ka wasa a dutse da ruwa, ka goga a fata, har ta aske gashin hannunka ba ka ji ba. A itace mai tauri, kowane ɗan lokaci sai ka koma kan fatar. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa mutum dannawa da ƙarfi, dannawar ke kawo zamewa. Tabon nan na babban yatsana haka na same shi a rumfar mahaifina, kuma bai ko ce mini sannu ba, sai da ya duba ko na ɓata masa akushi.

Fara da kusurwa uku, ita ce uwar duk adon da kake gani a bakin akushi da ƙafar kujera. Zana da fensir, ƙanana kamar ƙwayar masara. Kafa babban yatsa a jikin itacen ya zama madogara, kishingiɗa wuƙar, ka sa tsininta ya nufi tsakiyar zanen daga kowane gefe. Yanka uku ne, su haɗu a wuri ɗaya can ƙasa. In sun haɗu, ɗan guntun da kansa zai yi tsalle ya fito. In bai fito ba, kada ka ɓanɓare shi da tsinin wuƙa, nan ne kake ɓata aikinka, na gan ka. Maimaita yankan a sawunsa na farko. A itace mai tauri gara ka bi sau biyu sama-sama da ka nutsa sau ɗaya. In biyu suna maƙwabtaka, fara da gefen da suka haɗa, ka yanka kana nisantar wanda ka gama, don kada ɗan tudun tsakaninsu ya karye.

Da'ira ba wuya: ƙusa, zare, fensir. Tsawon zaren nan shi zai raba maka ita gida 6 daidai, ka fitar da tauraro. Dogayen tsinin nan irin na aska takwas a babbar riga su ne mataki na gaba. Dagi kuwa, mai sarƙaƙiya da lanƙwasa, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Kada ka yi ado a ɗanyen itace, hunturu na busawa zai tsaga shi ta tsakiyar zanen. Ya bushe a inuwa tukuna, in ka gama ka shafe shi da man kaɗe.

Na san so kake ka kai kujerar Wudil ranar Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ajiye ta nan, zan kankare inda ka ɓata. Kai kuma ka cika mini allo ɗaya da layi 10 na kusurwa uku, ka kawo in shafa da yatsa.