Amsa ga ƙaninmu da ke neman ƙarfin bugu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na saurari saƙon ƙaninmu da yake tambayar atisayen da zai ƙara wa cinyarsa ƙarfi, wai don bugunsa ba ya razana mai tsaron gida. Ƙanena, na kalli wasanku ranar Asabar, kuma ba ƙarfi ka rasa ba, tunda sau uku kana tsallakar da ƙwallo bayan katangar makaranta. Abin da ke damunka shi ne ƙwallon tana tashi sama, kuma laifin yana ga ƙafar da kake dogarawa a kanta.

Kana dasa ƙafar hagunka a bayan ƙwallon, sai jikinka ya kwanta baya, ƙafar dama ta shiga ƙarƙashinta kamar mai ɗibar ƙasa da shebur. Ka dasa ta a gefen ƙwallon, tazarar kamar taƙi ɗaya, yatsunta suna kallon inda kake nufi. Gwiwarka da ƙirjinka su rufa a kan ƙwallon, ka miƙe yatsun ƙafar bugu ƙasa, ka ƙanƙame idon sawu, sannan ka daki tsakiyarta da wurin da igiyar takalmi take. Idan idon sawu ya yi sako-sako, a nan ƙarfin yake zubewa. Ƙwallon nan fa nauyinta bai wuce giram 450 ba, don haka saurin lilon ƙafa take buƙata, ba damtsen ɗan dambe ba.

Ku nemi bidiyon ƙwallon da Sunday Oliseh na Najeriya ya ci Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 1998 a birnin Lyon. A'a, na yi kuskure, a Nantes aka yi wannan wasa; Lyon can ne Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa bugun tazarar nan a 1997, kuma wannan kada ka kwaikwaye shi tukuna. An yi jifa, ɗan bayan Sifaniya ya fitar da ita da ka, ta faɗo gaban Oliseh a wajen yadi na goma sha takwas. Ka lura da kansa: a sunkuye yake, idonsa a kan ƙwallon, bai ɗago ya nemi raga ba, domin ya san raga ba ta tashi daga inda take. Mai tsaron gidan Sifaniya, Zubizarreta, ya yi tsalle amma a banza, Najeriya ta ci uku da biyu.

Mu a zamaninmu babu wanda ya nuna mana wannan. Kocinmu, Allah ya jiƙansa, tsallen kwaɗo yake sa mu har gwiwa ta riƙa rawa, yana cewa daga cinya bugu yake fitowa. Ranar wasan ƙarshe na kofin unguwanni aka ba ni fenariti, mita goma sha ɗaya kacal, na tattara duk ƙarfin da na tara na aika ta cikin gonar dawa. A gaban jama'a ya ce tsoro ne ya kama ni, alhali shekara biyu ina ƙarƙashinsa bai taɓa duban inda nake ajiye ƙafar hagu ba. Har yau idan na wuce filin nan sai raina ya sosu, amma bari in bar wannan maganar.

Gobe bayan la'asar ka zo da ƙwallo biyu, za mu zana alama da gawayi a jikin katanga daidai ƙugu, ka fara daga taku goma da rabin ƙarfinka.