Tambaya da Amsa: Shin ORM ne ke sa manhajata nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Zinder. Na haɗa wa kawuna manhajar intanet da Django, kayan aikin gina manhaja a yaren Python, don lissafin shagonsa na hatsi a Kasuwar Dole. Da farko komai lafiya lau, amma yanzu shafin cinikin wata yana daɗewa kafin ya buɗe, kuma wani lokaci adadin buhunan da manhaja ta nuna ba ya dacewa da abin da ke cikin sito. Abokina ya ce laifin ORM ne, in watsar da shi in riƙa rubuta SQL da hannuna. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka. Kada ka watsar da ORM. Matsaloli biyu ne gare ka, kuma duka biyun maganinsu yana cikin Django ɗin da ke hannunka.

ORM tafinta ne tsakanin Python da rumbun bayanai. Kai kana rubuta `Ciniki.objects.all()`, shi kuma ya mayar da ita SQL, yaren da rumbun yake ji, ya aika, ya dawo maka da kowane layi a matsayin abu guda da za ka sarrafa. Ba sabon abu ba ne: Hibernate na Java ya fito a 2001, Django a 2005, masu PHP kuma suna da Eloquent a cikin Laravel. Babban alherinsa shi ne yana raba umarni da abin da mutum ya rubuta a fom, don haka ɓarawo ba zai cusa SQL ɗinsa ta gurbin suna ya kwashe maka bayanai ba. Wanda ya koma haɗa SQL da hannu yana liƙa kalmomi, wannan kariyar ce yake fara zubarwa.

Nauyin shafin kuwa, kusan na tabbata abin da ake kira N+1 ne. A ce cinikin watan 300 ne, kuma a gaban kowane ciniki kana nuna sunan mai saye. Django zai aika tambaya ɗaya ya kwaso cinikin duka. Amma sunan yana wani tebur daban, kuma ORM ba ya ɗauko abu sai an nema. Da shafin ya iso layin farko ya ce `ciniki.mai_saye.suna`, sai a koma rumbu. Layi na biyu, a sake komawa. Kafin shafin ya gama, tambaya 301 aka yi. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri, ya dawo ka ce saura daddawa, ya dawo ka ce saura barkono. Lokacin da kake gwaji da ciniki goma ba za ka ji ba, shi ya sa sai yanzu abin ya fito.

Rubuta `Ciniki.objects.select_related("mai_saye")`. Wannan zai haɗa teburan biyu da JOIN, tambaya ɗaya ta wadatar. In kuma ciniki ɗaya yana ɗauke da kaya iri-iri, gero da dawa da wake, `prefetch_related` za ka sa, shi tambaya biyu yake yi ya haɗa su a Python. Jimillar kuɗin wata ma kada ka tara ta da `for`, bar wa rumbu ya yi da `aggregate` da `Sum`. Amma kafin ka taɓa komai, saka Django Debug Toolbar ka ga adadin tambayoyin da idonka. Ina matuƙar son ɗalibai su saba da wannan, domin mai amfani da ORM da bai iya karanta SQL ɗin da yake fitarwa ba, a duhu yake aiki. A nan abokinka yana da rabin gaskiya: koyi SQL sosai, don ka gane abin da tafintan ke faɗa a madadinka.

Maganar buhuna ta fi damuna, saboda dukiyar mutum ce. Ga yadda take faruwa. Buhun gero 10 ne a sito. Kawu ya buɗe manhaja a wayarsa, yaron shago ya buɗe a tasa, kowa ya karanto 10. Kawu ya sayar da 2, `save()` ya rubuta 8. Yaro ya sayar da 3, nasa ya rubuta 7 a kan na kawu. A sito kuwa 5 suka rage.

Ka daina yin ragin a Python. Yi amfani da `update(adadi=F("adadi") - 2)`, rumbun ne zai rage daga adadin da ke ciki a wannan daƙiƙar. Ka sa `filter(adadi__gte=2)` a gabansa don kada a sayar da abin da babu; in `update` ya dawo da sifili, kayan bai isa ba. Sannan rubuta ciniki da rage buhu su kasance cikin `transaction.atomic()`, ko duka su shiga ko duka su fasa, ko da wuta ta ɗauke wa sabar a tsakiya.

In har yanzu kana kan rumbun SQLite da Django ke zuwa da shi, koma rumbun PostgreSQL tunda masu rubutu a cikinsa sun fi ɗaya. Kuma a kan mai saye ka sa `on_delete=PROTECT`, wanda ke hana goge mutumin da yake da ciniki, domin da `CASCADE`, ranar da aka goge sunan mutum, cinikinsa da bashin da ake binsa duk za su tafi tare da shi.