Amsoshin Manoma: Maganin da Ya Ci Bara, Me Ya Hana Shi Ci Bana?

Saƙonnin wannan karon yawancinsu daga masu lambu ne na Iyana-Iba, Ojo da Ikorodu, sai 'yan kaɗan daga Epe da Badagry. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗa su na amsa sau ɗaya.

Daga Ikorodu: Latas ɗina yana miƙewa sama ya yi ɗaci tun bai isa cira ba. Wane magani zan sa?

Babu magani, Malam, zafi ne. Yi masa rumfa, ka ba shi ruwa safe da yamma, ka cire shi da wuri.

Daga Epe: Tsutsar sharon ta shiga tumatirina. Ganye duk ya yi fari-fari ya bushe, 'ya'yan sun huhhuje. Sau biyu nake feshi a mako, na canza kwalba har uku, na ninka awo, ko gezau. Ko jabu aka sayar mini?

Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma kafin ka ɗora wa mai shago laifi, Alhaji, ɗauko kwalaben nan uku ka jera su. Bar babban sunan da ke gaba da hoton tsutsa a kwance, duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ba mamaki ka ga cypermethrin a ta farko, lambda-cyhalothrin a ta biyu, deltamethrin a ta uku. Duka ukun 'yan gida ɗaya ne, wuri ɗaya suke bugu a jijiyar ƙwaro. Ka biya kuɗi sau uku, magani ɗaya ka saya.

Asalin wannan tsutsa Kudancin Amurka ne. An gan ta a Sifen a 2006, ta ƙetaro Afirka, a 2016 kuwa ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Duk wanda ke kasuwar Mile 12 a shekarar ya san yadda kwando ya gagari mutane. Masu bincike da suka duba ƙwayoyin gadonta a ƙasashe daban-daban sun tarar kusan duk inda aka kamo ta tana ɗauke da wani sauyi da ke dakushe kaifin magungunan gidan cypermethrin. Da abinta ta zo, tun daga gonakin da aka shekara da shekaru ana mata feshi.

Ga yadda abin ke faruwa, don na gaji da maimaita shi a bakin rijiya. Tsutsar da magani ya kama ta mutu, an gama da ita. Amma cikin dubu, a ce, akan samu 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan bambanci: ko jijiyarsu ba ta karɓar gubar, ko jikinsu yana narkar da ita kafin ta yi aiki. Feshinka rariya ce, masu rauni su zube, waɗannan su tsaya a sama. Su ne za su hayayyafa, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗari biyu da ɗoriya. A irin zafinmu, daga ƙwai zuwa uwa wata guda ne ko ƙasa da haka, sai a samu zuriya goma zuwa goma sha biyu a shekara. Kowace zuriya ka tankaɗe ta da magani iri ɗaya, kafin shekara ta zagayo gonarka ta cika da jikokin waɗanda ba sa mutuwa. Mu nan Legas abin ya fi muni, domin fili ya yi ƙaranci, kwami ba ya hutawa. A cire yau, a dasa gobe, zuriyar ƙwaro ba ta yankewa ko sau ɗaya.

Ba kan sharon aka fara ba. Ƙaramar tsutsar nan mai huda kabeji ta gagari maganin DDT a tsibirin Java na Indonesiya tun 1953, kuma ita ce ta fara gagarar maganin Bt (wanda ake samowa daga wata ƙwayar bakteriya) a gona, a Hawaii, wajen 1990. Kada kuma ka ce mai tsada ya tsira. Chlorantraniliprole, wanda ake sayar wa mutane a 'yar kwalba da kuɗi mai nauyi, bai daɗe a kasuwa ba aka ba da rahoton sharon ta fara gagararsa a Italiya, wajen 2015.

To me za ka yi? Kamfanoni da yawa suna buga lambar rukuni a jikin kwalba, ita za ka riƙa bi. Gidan cypermethrin 3A ne, ka cire shi daga lissafin sharon gabaki ɗaya. Emamectin da abamectin rukuni na 6 ne, spinosad na 5, indoxacarb 22A, chlorantraniliprole 28. Yi aiki da rukuni ɗaya na wata guda, wato tsawon zuriya ɗaya, sa'an nan ka ajiye shi a wata mai bi masa ka ɗauki wani. Awon da aka rubuta shi za ka sa. Ragewa don tsimi na barin masu rabin ƙarfi su rayu, ninkawa kuma ƙona ganye ne da aljihu. Yi feshi da yamma, ka jiƙa bayan ganye. Amma rabin aikin ba a tanki yake ba. Ɗaga ganyen a rana, za ka hango tsutsar a kwance tsakanin fatar sama da ta ƙasa, da baƙin kashinta a gefe, inda feshi da yawa ba ya isa. Tsinke irin wannan ganyen ka binne. In an gama ɗiba, tuge karan ka ƙona, ka juya ƙasa domin a ciki take kwanciya kafin ta yi fiffike, ka bi da masara ko albasa ko kuɓewa. Gauta da yalo ba hutu ba ne, dangin tumatir ne, tana cin su. Kuma ku yi magana a ƙungiyarku, don ita ba ta san iyakar gonarka da ta maƙwabci ba.

Wani abu da ya kamata mai lambu a bakin ruwa ya sani: gidan maganin nan na 3A shi ne ke jikin yawancin gidan sauron da ake rabawa. A Kwatano an yi bincike kan sauron da ke ƙyanƙyashewa a lambunan cikin gari, aka ga yana da taurin kai ga wannan magani. Ragowar tankin da kake wankewa a kududdufi tana iya dawo maka gida da dare.

Daga Ojo: Maƙwabcina yana haɗa magani uku a tanki ɗaya ya fesa wa alayyafo, washegari ya yanka. Nasa ya fi nawa kyau. In bi shi?

A'a. Alayyafon da ake yanka cikin mako uku zuwa huɗu, a fesa masa guba jiya a kai wa mata kasuwa yau, wannan ba dabara ba ce, cin amana ne. Kowace kwalba tana da kwanakin jira kafin girbi, karanta su.

Daga Badagry: Tun da na fara feshi kowane mako, ganyen yalo da attaruhuna ya koma ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo, har da 'yar yana a baya. Da ba haka yake ba.

Ka amsa wa kanka, ɗan'uwa: da ba haka yake ba. Shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin ganyen ka kaɗa shi. In ka ga jajayen ɗigo suna tafiya, ƙananan gizo-gizon ganye ne. Dama suna nan, sai dai akwai masu cin su, ƙwari ƙanana da ba ka taɓa lura da su ba. Feshinka ya kashe mafarautan ya bar abin farautar, kuma wannan sanannen abu ne bayan an yawaita cypermethrin. Dakata da shi, ka wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi, ka daka 'ya'yan darbejiya kamar giram 50 a lita ɗaya, su kwana a ruwa, ka tace ka fesa da yamma. In ya ƙi, abamectin sau ɗaya ko biyu, ba kullum ba.

Mutane suna raina waɗannan mafarauta saboda ba a sayar da su a kwalba. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai gari-gari a jiki ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, aka fara ganinsa a Kongo, ya riƙa murɗe kan rogo har wasu gonaki suka tashi a tutar babu. A gida can ba a ma san shi da ɓarna ba, domin akwai mai riƙe shi. Hans Herren na cibiyar binciken noma ta IITA da abokan aikinsa suka bi sawu har Paraguay, aka samo wani ɗan zanzaro da ido da ƙyar yake gani, wanda ke saka ƙwansa cikin jikin ƙwaron. Aka sake shi a Najeriya a 1981, ya bazu, rogo ya farfaɗo. An ba Herren babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Garin da kake jiƙawa da rana, akwai hannun wannan ɗan zanzaro a ciki, kuma manomi bai biya ko sisi ba.

Daga Ikorodu: Tsutsa tana cin zuciyar masarata. Ita ce wadda ake faɗa?

Buɗe zuciyar ka duba. In ka ga dusar kashinta, da alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu a jere murabba'i kusa da wutsiya, ita ce, baƙuwar tsutsar masara da ake kira fall armyworm. A kudu maso yammacin Najeriya aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, ta kai Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostireliya a 2020. Ga mai 'yan kunyoyi kamar kai, zagayawa da safe ka murƙushe ƙwai da ƙananan tsutsotsi ya fi tanki. Wasu kan zuba toka da yashi a zuciyar. Manyan suna cin junansu, shi ya sa ba ka cika samun fiye da ɗaya ko biyu a kai ba. Masara kuma tana jure cin ganye fiye da yadda ido ke tsorata. A 2019 an ba da rahoton wani ɗan zanzaro mai lalata ƙwanta, Telenomus remus, yana nan a Benin da Nijar da Kenya tun ba a kawo shi domin ta ba. Feshin tsoro shi yake fara kashewa.

Daga Iyana-Iba: Ɗana da ke jami'a ya ce wai farin ƙudan tumatir ya saci wani abu daga tsiro. Gaskiya ne?

Yaron bai yi ƙarya ba, Baba. A 2021 masana daga Sin da Suwizalan suka nuna cewa farin ƙuda yana ɗauke da wata ƙwayar gado wadda asalinta ta tsiro ce, ta shiga jikin kakanninsa miliyoyin shekaru da suka wuce, da ita yake kashe kaifin gubar da tsiro ke kare kansa da ita. Abin mamaki ne, amma ba zai canza aikinka na bana ba: rufe gadon reno da raga, ka tuge duk wanda ganyensa ya nannaɗe tun yana ƙarami.

Daga Badagry: Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar kwale-kwale, tana yin taki?

Tana yi. Ita ma baƙuwa ce daga yankin Amazon, ta rafin Badagry ɗin naku ta shigo Legas a 1984. Bari ta sha rana, ka haɗa ta da kashin kaji ta ruɓe sosai. Sai dai tana zuƙar dattin ƙarfe daga ruwa, don haka wadda aka kwaso daga magudanar masana'antu kada ta kusanci alayyafo ko latas.